Charles Dotter: Likitan da ya ceci ƙafa daga yankewa ta cikin jijiyar jini

Duk likitan da ya zura siririn bututu cikin jijiyar majiyyaci a yau domin ya buɗe wa jini hanya zuwa ƙafar da ta fara mutuwa, sawun Charles Theodore Dotter yake bi, wani likita Ba'amurke da ya rayu tsakanin 1920 da 1985. Dotter bai taɓa zama likitan tiyata ba. Fanninsa shi ne ɗaukar hoton cikin jiki da na'urar eksire da fassara abin da hoton ya nuna. A zamaninsa iyakar aikin irin wannan likita ke nan: ya gano inda cuta take, ya rubuta rahoto, ya miƙa wa masu wuƙa. Shi ne ya fara ƙetare wannan iyaka, ya mayar da bututun da ake ɗura ruwan hoto da shi ya zama abin yin magani.

Aikin da ya ƙirƙiro shi ake kira anjiyofilasti, wato faɗaɗa jijiyar jini da ta tsuke ko ta toshe ta hanyar bi ta cikinta, ba tare da an tsaga jiki ba. Mutane da dama sun san wannan aiki ne a jijiyoyin zuciya, amma a ƙafa aka fara shi, shekaru 13 kafin ya kai ga zuciya. An kuma fara shi ne a kan matsalar da har yanzu take addabar tsofaffi da masu ciwon sukari, wato ƙarancin jini mai tsanani a ƙafa, wanda sau da yawa ƙarshensa yankewa ne.

Tasowa da karatu

An haifi Dotter ranar 14 ga Yunin 1920 a birnin Boston da ke jihar Massachusetts, ya kuma tashi a garin Freeport na jihar New York. Tun yana yaro yake da sha'awar injuna da kayan aikin hannu, kuma wannan sha'awa ba ta rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Ya kammala digirinsa na farko a Jami'ar Duke a 1941, ya samu digirin likita daga Jami'ar Cornell a 1944. A shekarar ce ya auri wata ma'aikaciyar jinya da ya haɗu da ita a Asibitin New York. Bayan ya yi aikin sanin makama a wani asibitin sojojin ruwa, sai ya koma Asibitin New York, inda ya ƙware a fannin hoton eksire.

Ya shigo fannin a lokacin da likitoci ke fafutukar ganin jijiyoyin jini a hoto. Eksire yana nuna ƙashi sarai, amma jijiya ba ta fitowa sai an ɗura mata wani ruwa mai sinadarin aidin wanda ke tare hasken. Egas Moniz na ƙasar Fotugal ya nuna jijiyoyin ƙwaƙwalwa ta wannan hanya a 1927, Reynaldo dos Santos, shi ma ɗan Fotugal, ya nuna babbar jijiyar ciki a 1929. A wannan shekara ta 1929 kuma wani matashin likita Bajamushe mai suna Werner Forssmann ya zura bututu ta jijiyar hannunsa har cikin zuciyar kansa, ya ɗauki hoto domin shaida.

Abin da ya rage shi ne sauri, domin ruwan hoton yana wucewa tare da jini cikin 'yan daƙiƙu, hoto ɗaya kuwa ba ya isa ya nuna tafiyarsa. A 1950, yana malami a Cornell, Dotter ya ƙera na'urar da ke juya fim da kanta tana ɗaukar hoto biyu a kowace daƙiƙa. A 1951 ya wallafa littafi tare da Israel Steinberg a kan ɗaukar hoton zuciya da manyan jijiyoyinta. Shekara guda bayan haka, yana da shekaru 32, aka naɗa shi farfesa kuma shugaban sashen hoton eksire a makarantar likitanci ta Jami'ar Oregon da ke birnin Portland. Shi ne mafi ƙarancin shekaru da aka taɓa damƙa wa irin wannan kujera a wata babbar makarantar likitanci ta Amurka a lokacin, kuma ya riƙe ta har rasuwarsa.

A 1953 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Sven-Ivar Seldinger, ya fito da dabarar da ta sauƙaƙa shiga jijiya. A huda ta da allura, a zura siririyar waya ta cikin allurar, a zare allurar, sannan a sa bututu ya bi kan wayar ya shiga. Wannan dabara ta sa likitan hoto ya iya shiga jijiya ta fata kawai, ba sai an yanka an fito da ita fili ba. Dotter ya rungume ta. Da yake kayan da yake buƙata ba su cika samuwa a kasuwa ba, da hannunsa yake ƙera su, har an san shi da amfani da tsirkiyar gita da wayar ma'aunin gudun motar Volkswagen wajen haɗa wayoyin jagora. Ya kan kira kansa mai gyaran famfo, domin a ganinsa abin da ake yi wa bututun ruwa da ya toshe ana iya yi wa jijiyar jini.

Cutar da ya fuskanta

Jinin da ke ciyar da ƙafa yana gangarowa ne ta babbar jijiyar cinya, ya bi ta bayan gwiwa, sannan ya rabu cikin ƙananan jijiyoyi uku da ke sauka ta ƙwauri zuwa tafin ƙafa. Da shekaru suka yi yawa, musamman ga mai shan taba, ko mai ciwon sukari, ko hawan jini, ko yawan kitse a jini, ko ciwon ƙoda, kitse da ƙwayoyin halitta da sinadarin kalsiyam kan taru a bangon jijiyar, hanyar ta yi ta tsukewa. Alamar farko ita ce ciwo a sha-raɓa idan mutum ya yi tafiya, wanda ke lafawa da zarar ya tsaya. Idan abin ya tsananta, ciwon kan zo ko da mutum yana kwance, ya fi tsanani da dare, har majiyyaci ya riƙa saukar da ƙafarsa daga gado domin jini ya ɗan gangara. Daga nan ƙaramin rauni ya zama gyambon da ba ya warkewa, yatsu su yi baƙi su fara ruɓewa.

A farkon shekarun 1960 hanyoyi biyu likitocin tiyata ke da su na dawo da jini. Ta farko ita ce a tsaga jijiyar a kankare abin da ya toshe ta, aikin da João Cid dos Santos ya fara a Lisbon a 1946. Ta biyu ita ce a ciro wata jijiya mai mayar da jini daga ƙafar majiyyacin, a ɗinka ta sama da ƙasan wurin da ya toshe domin jini ya kewaye, kamar yadda Jean Kunlin ya yi a Faransa a 1948. Dukansu manyan ayyuka ne masu buƙatar doguwar tsaga da maganin sa barci. Waɗanda suka fi buƙatarsu kuwa su ne waɗanda suka fi kasa jure su, tsofaffi masu raunin zuciya da huhu. Ga irin waɗannan, abin da ya rage shi ne a yanke ƙafar, kuma da yawa daga cikinsu ba sa sake tafiya bayan nan.

Shekarar 1963

Abubuwa uku suka faru a 1963 da suka share fagen abin da ya biyo baya. Na farko ya zo ne ba da shiri ba. Dotter yana tura bututu daga matsematsin wani majiyyaci zuwa babbar jijiyar ciki domin ɗaukar hoto, sai bututun ya ratsa ta cikin jijiyar ƙugu ta dama wadda ta toshe. Da ya zare shi, hanyar da ya buɗe ba ta rufe ba. Wani likitan zai ɗauki wannan a matsayin kuskuren da Allah ya kiyaye, amma shi sai ya ga hujjar cewa toshewar jijiya tana ratsuwa, kuma ƙofar da aka buɗe tana iya zama a buɗe.

Na biyu shi ne taron likitocin hoto na ƙasar Chekoslobakiya da aka yi a garin Karlovy Vary a watan Yuni. A jawabinsa Dotter ya bayyana cewa bututun ɗaukar hoto bai kamata ya tsaya a matsayin abin kallo kawai ba, idan aka yi amfani da shi da basira zai iya zama muhimmin kayan tiyata. Mahalarta suka miƙe tsaye suna tafi. A can ne ya ƙulla abota da Josef Rösch, wanda daga baya ya koma Portland ya zama babban abokin aikinsa.

Na uku ya faru a birnin Chikago, wurin babban taron likitocin hoto na Arewacin Amurka. Wani matashin ɗan kasuwa mai suna Bill Cook, wanda bai daɗe da kafa ƙaramin kamfanin kayan asibiti ba, yana nuna yadda ake lanƙwasa bututun Teflon da wuta. Dotter ya ari abin hura wutar da ɗan bututu ya tafi da su masaukinsa, washegari ya dawo da bututu goma da ya ƙera cikin dare. Daga nan Cook ya zama mai ƙera masa kayan aiki, kuma kamfaninsa ne ya fitar da kayan faɗaɗa jijiya masu ɗauke da sunan Dotter.

Ranar 16 ga Janairun 1964

Majiyyaciyar farko wata tsohuwa ce mai shekaru 82. Ƙafarta ta hagu ta yi sanyi, tana mata zogi ba dare ba rana, ga gyambo da ya ƙi warkewa, ga yatsu sun fara ruɓewa. Likitocin tiyata sun yanke shawarar cewa yankewa ce kaɗai mafita, ita kuwa ta ƙi amincewa. Likitan tiyatar da ke kula da ita, William Krippaehne, ya tura ta wurin Dotter. Hoton da aka ɗauka ya nuna cewa matsalar gajeriyar tsukewa ce a jijiyar cinya, irin wadda ta dace da abin da Dotter ke son gwadawa.

Ya huda jijiyar a matsematsi, ya lallaɓa da wayar jagora har ta ratsa wurin da ya tsuke, yana kallon tafiyarta a allon eksire. Ya sa siririn bututun Teflon ya bi kan wayar, sannan ya sa wani da ya fi shi kauri ya bi kan na farkon, kowanne yana ƙara buɗa hanyar. Babban cikinsu bai kai kaurin fensir ba. Cikin mintuna ƙafar ta yi ɗumi. Zogin ya gushe a cikin mako guda, gyambon ya warke. Yatsun da suka riga suka mutu sun faɗi da kansu, domin dawowar jini ba ta rayar da naman da ya mutu, amma wurin ya haɗe, matar ta bar asibiti da ƙafafunta biyu. Ta ƙara fiye da shekaru biyu a duniya tana tafiya, jijiyar tana buɗe, kafin ta rasu sakamakon wata cuta da ba ta shafi ƙafar ba.

A watan Nuwamban 1964 Dotter da almajirinsa Melvin Judkins suka wallafa bayanin dabarar da sakamakon majiyyatan farko a mujallar Circulation. Ba su ɓoye waɗanda aikin bai yi wa amfani ba. Sun kuma yi hasashen cewa za a samu bututun da zai shiga yana siriri ya kumbura a inda ake buƙata, kuma wata rana dabarar za ta kai ga jijiyoyin ƙoda da na zuciya.

Adawa a gida

Amurka ba ta karɓi aikin ba. Likitocin tiyata da dama sun ga abin a matsayin ganganci, kuma ba duka dalilansu ne na son kai ba. An koya musu cewa jijiyar da ta kamu da cuta ba a taɓa cikinta da garaje, domin ɓarɓashin abin da ya toshe ta na iya ɓallewa ya gangara ya toshe ƙananan jijiyoyin ƙasa, ko jini ya daskare a wurin da aka goge. Kayan Dotter kuma suna da nasu rauni. Ramin da za a huda a matsematsi dole ne ya kai faɗin hanyar da ake son buɗewa, wanda ke ƙara haɗarin zubar jini, sannan bututun yana tura bangon jijiyar gaba ne maimakon ya buɗa shi gefe da gefe.

Halin Dotter ma bai sassauta lamarin ba. Mutum ne mai zafin nama da son barkwanci, wanda ba ya tauna magana. A watan Agustan 1964 mujallar Life ta buga hotunansa yana tsakiyar aiki, fuskarsa cike da zumuɗi, abin da ya ƙara wa masu suka ƙarfi, laƙabin da ke nufin Charlie mahaukaci ya bi shi. Likitocin tiyata su ne ke da majiyyata, idan ba su turo ba likitan hoto ba shi da wanda zai yi wa aiki.

Wani abin da ya faru a waɗannan shekaru ya shahara a tarihin fannin. Wani likitan tiyata ya turo majiyyaci da takardar neman hoton jijiyar cinya, ya rubuta gargaɗi a kanta cewa a duba kawai, kada a yi yunƙurin gyarawa. Hoton ya nuna tsukewa a jijiyar da aka ambata da kuma wata ta can ciki da takardar ba ta ambata ba. Dotter ya bar ta farkon kamar yadda aka umarta, ya buɗe ta biyun. Bayan kimanin shekara guda shi da majiyyacin suka hau ƙololuwar dutsen Hood na jihar Oregon, mai tsayin sama da mita 3,400, suka ɗauki hoto a can. Dotter ya daɗe yana nuna takardar da hoton a laccocinsa.

Turai ta ɗauka

Inda wani ya ƙi yini, nan wani yake kwana. Yayin da dabarar ke neman mutuwa a ƙasar haihuwarta, likitocin Turai suka ɗauke ta. Werner Porstmann a Barlin ta Gabas da Eberhard Zeitler a Jamus ta Yamma sun yi wa ɗaruruwan majiyyata aikin, suka tattara sakamako a tsanake, har Jamusawa suka mayar da sunan Dotter aikatau suna kiran aikin da shi. A wurin Zeitler ne wani matashin likita Bajamushe, Andreas Grüntzig, ya ga yadda ake yi, ya koma da dabarar asibitin jami'a da ke Zurik a ƙasar Suwizalan.

Grüntzig ne ya warware matsalar kauri. An riga an gwada balan-balan na roba, amma roba tana da taushi, idan aka hura ta sai ta kumbura sama da ƙasan wurin da ya tsuke ta bar tsakiyar yadda take. Shi kuwa ya yi amfani da wani nau'in leda mai ƙarfi wanda ke kumbura zuwa faɗin da aka ƙayyade ya tsaya, komai ƙarfin hurawa. Samfuran farko a kan teburin ɗakin girkinsa aka haɗa su. A 1974 ya fara amfani da wannan balan-balan a jijiyar ƙafa. Ranar 16 ga Satumban 1977 ya yi amfani da ƙaramin samfurinsa a jijiyar zuciyar wani mutum mai shekaru 38. Labarin ya zaga duniya, kuma ta wannan hanya anjiyofilasti ya koma Amurka, inda aka karɓe shi hannu biyu. Grüntzig bai ɓoye cewa daga Dotter tushen yake ba. A 1978 aka gabatar da sunan Dotter domin lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci, sai dai bai samu ba.

A wani wuri guda bincike ya saɓa wa fahimtarsa. Dotter ya ɗauka cewa bututun yana danne abin da ya toshe jijiyar ne kamar yadda sawu ke danne ƙanƙara mai taushi. Binciken da aka wallafa daga Jami'ar Minnesota a 1980 ya nuna cewa abin da ke faruwa shi ne fatar cikin jijiyar tana tsagewa, bangonta yana miƙewa. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa wasu jijiyoyin ke komawa su tsuke bayan 'yan watanni, domin jiki yana ɗaukar wurin a matsayin rauni yana tara masa tabo.

Sauran ƙirƙirarsa

Matsalar sake tsukewa ta dami Dotter tun kafin a gane musabbabinta. A 1969 ya wallafa gwajin da ya yi a jijiyoyin ƙafar karnuka, inda ya dasa nannaɗaɗɗiyar waya a ciki domin ta tokare bangon jijiyar. Wannan shi ne mafarin ragar ƙarfen da ake dasawa a jijiyoyi a yau. A 1983 ya sake komawa kan batun da wayar nitinol, wani haɗin ƙarfe da ke komawa siffar da aka ba shi idan ya ji ɗumi, kuma da wannan ƙarfe ake ƙera yawancin ragar da ake sa wa jijiyoyin cinya yanzu. Shi da Rösch sun bayyana a 1972 yadda ake tsayar da zubar jini a ciki ta hanyar toshe jijiyar da ke zubarwa da bututu, a 1974 kuma suka nuna yadda ake kai maganin narkar da daskararren jini kai tsaye wurin da ya daskare, da awo kaɗan. Ya wallafa maƙalu fiye da 300. Daga waɗannan ayyuka ne aka samu sabon reshe na likitanci, wato yin magani ta cikin jijiya bisa jagorancin hoto, kuma shi ake ɗauka a matsayin ubansa.

Rashin lafiya da rasuwa

Bayan asibiti, Dotter mai hawan duwatsu ne, matuƙin jirgin sama, mai zane da son kiɗa. An gano yana da sankarar Hodgkin. Da cutar ta lafa, sai ya yi murna da hawan dutsen Matterhorn da ke kan iyakar Suwizalan da Italiya a 1970, ba tare da ɗan jagora ba. Cutar ta sake dawowa aka sake yi masa magani, daga baya kuma jijiyoyin zuciyarsa suka toshe, aka yi masa tiyatar kewaye. Duk da haka bai bar aiki ba.

Ya rasu a Portland ranar 15 ga Fabrairun 1985 yana da shekaru 64. Shekarar ta zama ta rashi ga fannin baki ɗaya. Judkins ya riga shi da 'yan makonni a watan Janairu. Mason Sones, wanda ya fara ɗaukar hoton jijiyoyin zuciya kai tsaye, ya rasu a watan Agusta, Grüntzig kuma ya rasu a haɗarin jirgin sama a jihar Jojiya ta Amurka a watan Oktoba, yana da shekaru 46. A 1990 aka buɗe cibiyar koyarwa da bincike mai ɗauke da sunan Dotter a jami'ar da ya yi wa aiki, da gudummawar kuɗi daga Bill Cook.

Abin da ya bari

Aikin da aka fara a jijiyar cinya yanzu ya gangara ƙasan gwiwa, zuwa ƙananan jijiyoyin ƙwauri da na tafin ƙafa, waɗanda faɗinsu bai wuce milimita biyu zuwa uku ba, kuma su ne ciwon sukari ya fi lalatawa. Ana yin sa da allurar kashe zafi a wurin huda kawai, majiyyaci yana farke. Akwai dogayen balan-balan sirara, akwai masu ɗauke da maganin rage tabo, kuma idan waya ta kasa ratsawa daga sama ana iya shigowa daga wajen idon sawu. Haɗarin bai gushe ba. Jini na iya zuba a wurin huda, ruwan hoto na iya taɓa ƙoda, jijiya na iya sake tsukewa har a buƙaci maimaita aikin.

Gardamar da ta shiga tsakanin Dotter da likitocin tiyata kuwa sai bayan rasuwarsa aka auna ta da ma'auni. Binciken BASIL da aka yi a Birtaniya a kan majiyyata 452, wanda mujallar Lancet ta wallafa a 2005, ya nuna cewa balan-balan da tiyatar kewaye sun yi kunnen doki wajen tsira da rai da ƙafa a farkon lokaci, ko da yake tiyata ta fi amfani ga waɗanda suka rayu fiye da shekaru biyu. Binciken BEST-CLI na 2022, mai majiyyata 1,830, ya gano cewa tiyata ta fi kyakkyawan sakamako ga wanda ke da lafiyayyar jijiyar da za a ciro a yi kewayen da ita, ga wanda ba shi da ita kuwa hanyoyin biyu sun yi kusa da juna. A 2023 binciken BASIL-2, mai majiyyata 345 da ke buƙatar aiki a ƙasan gwiwa, ya nuna cewa waɗanda aka fara yi musu ta cikin jijiya sun fi tsira da rai da ƙafa. Saboda haka kowace hanya tana da gurbinta, kuma likitocin tiyatar jijiya da kansu suna cikin masu yin aikin Dotter a yau.

Buƙatar aikin kuma ta fi yawa a wuraren da ya fi wuyar samu. Wani nazari da Lancet ta wallafa a 2013 ya ƙiyasta cewa mutane miliyan 202 ne ke fama da tsukewar jijiyoyin ƙafa a duniya a 2010, kuma kusan kashi 70 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici. A Najeriya gyambon ƙafar masu ciwon sukari yana cikin manyan dalilan yanke ƙafa a asibitocin koyarwa, kuma majiyyata da yawa kan iso ne bayan ruɓewa ta yi nisa. Tun 1964 aikin Dotter ya nuna iyakarsa a nan. Balan-balan yana ceton naman da yake da sauran rai ne kawai, don haka zogin ƙafa da dare, ko yatsa mai sanyi, ko raunin da ya yi makonni biyu bai warke ba, dalili ne na a duba jinin ƙafar tun kafin a kai ga maganar wuƙa.